Abincin barewa a wuyan wa yake?

Wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Achida ta nufi Wurno da Goronyo bayan an gama kaka, zai ga ƙasar da babu taƙi guda a cikinta da ba shi da mai shi. Tudu na gero da dawa da wake ne, fadama ta shinkafa da albasa da tafarnuwa ce, abin da ya rage kuwa gari ya ci. Ko karan da aka girbe ba a barinsa a gona kamar da. An ɗaure shi dami-dami, harawa ta hau rufin ɗaki ko reshen itace tana jiran ranar da za ta yi tsada a kasuwa. Wannan ƙasa tana cikin yankin da Allah ya zaunar da barewa mai jan goshi, wanda ya miƙa daga Sanagal har bakin kogin Nilu, ya haɗa da arewacin Nijeriya da kudancin Nijar. Yau yaron Achida ya san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, wataƙila ma ya ji sunan makarantar Barewa ta Zariya, wadda ta samo asali daga kwalejin Katsina inda Sardauna ɗan Rabah ya yi karatu, amma da wuya a ce ya taɓa ganin dabbar tana kiwo. Tambayar da nake son a tsaya a kanta ita ce: idan dabba ta ɓace daga ƙasa saboda an rufe mata wurin ci da wurin kwana, akwai wanda za a tambaya, ko kuwa ƙaddara ce kawai ta gifta? Ra'ayina akwai abin tambaya, hujjar kuma tana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan Wurno da Rabah tun zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci. Maganar gaskiya ce, tushenta kuma aya ta 6 ta Suratu Hudu, inda Allah ya ɗauki nauyin arzikin duk mai rai da ke motsi a doron ƙasa. Sai dai masu kafa hujja da ayar sukan tsaya a rabinta. Ragowar tana magana ne a kan wuri, wato sanin Allah ga inda dabba take zaune da inda za ta ƙare, kuma cikin fassarorin da aka ruwaito daga Ibn Abbas akwai cewa ana nufin inda take fakewa dare da rana, da kuma inda take mutuwa. An ambaci arziki da mazauni a numfashi ɗaya, domin ga naman daji abu guda ne. Akuyar gida ana kawo mata dusa har turke. Barewa ba ta da mai kawo mata. Allah yana ciyar da ita ne ta hanyar daji, dajin shi ne sababin. Malaman tauhidi na mazhabar Ash'ari, wadda ita aka gada a ƙasar nan, sun daɗe da warware irin wannan kulli a kan mutum. Sun ce wanda aka kashe ajalinsa ne ya cika, bai rage ko minti ba, amma duk da haka ana yi wa makashin ƙisasi, domin sanin Allah da hukuncinsa ba sa ɗauke wa bawa alhakin abin da hannunsa ya aikata. Manomin rani a fadamar Wurno da maƙwabci ya tare masa ruwa ba ya zama ya ce arzikinsa ne ya ƙare, wajen hakimi yake nufa. Ban ga dalilin da zai sa ƙa'idar ta canja don wanda aka tare wa ba ya iya kai ƙara ba.

Domin a gane abin da aka tare, sai an dubi yadda barewa ke ci. Ƙaramar dabba ce, nauyinta bai cika wuce kilo 30 ba, tana da jan goshi da siririn baƙin layi a haƙarƙari. Ba ta son kurmi, ba ta kuma son tsantsar hamada. Wurinta shi ne fili mai ciyawa da itatuwan ƙaya jefi-jefi, irin jigawar da ake samun sabara da geza da aduwa da magarya da farar ƙaya. Da damina ɗanyar ciyawa take bi. Idan rani ya yi, ciyawa ta bushe, sai ta koma ga ganyen itatuwa da tohonsu, daga nan kuma take samun mafi yawan ruwan da jikinta ke buƙata, ko da yake ta fi 'yan uwanta na cikin Sahara dogaro da mashaya. Wannan ya sa ba ta zama wuri ɗaya. Inda ƙasa ta ba ta dama, takan yi arewa idan ruwa ya sauka, ta gangaro kudu idan ya ɗauke, kusan sawu ɗaya da shanun Fulani. Saboda haka arzikinta abubuwa uku ne a haɗe: makiyayar damina, makiyayar rani, da hanyar da ta haɗa su. In aka ɗauke ɗaya, sauran biyun ba su da amfani. Mutum zai iya barin daji guda bai taɓa shi ba, ya yi tsammanin ya yi adalci, alhali ya noma hanyar da ake shigowa dajin.

Maharbi yana da nasa kason a ɓacewar barewa, musamman tun da bindiga da mota suka shigo farauta, amma garma ta fi shi aiki. A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya keta dajin Gundumi a hanyarsa ta zuwa ganin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ayarinsu ya kwana ya wuni yana tafiya ba zango saboda tsoron harin Gobirawa, kafin daga baya ya isa Wurno. Wato a lokacin akwai daji tsakanin Zamfara da kwarin Rima wanda faɗinsa ya kai haka, babu gari babu gona. Tun daga nan jama'a take ƙaruwa. Ƙidayar 1963 ta ba Nijeriya mutum miliyan 55 da ɗoriya, ta 2006 ta ba ta miliyan 140, jihar Sakkwato kaɗai ta tashi da kusan miliyan 3.7. Saurar da ake bari ta huta shekaru ta zama gonar da ake nomawa kowace damina. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama a 1984 kuma take iya riƙe ruwa kubik mita miliyan 942, ta sauya yadda Rima ke ambaliya ta janye, noman rani ya bazu a fadamun da a da dabba ke sauka cikinsu idan tudu ya ƙone. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya zama laifi a karan kansa. Mutane ne ke neman abinci. Wahalar tambayar ke nan, kuma shi ya sa nake ganin gara a fara duba ta a wurin da abin ya faru a fili, da mutum guda, da shinge guda, cikin hunturu guda.

A yammacin Amurka akwai wata dabba, zan kira ta barewar Amurka, da ta yi kama da barewa ƙwarai a siffa da zama, ko da yake masana sun nuna cewa danginta na kusa da suka rage a duniya su ne raƙumin dawa da ɗan uwansa okapi na dazukan Kwango. Ƙahonta yana da reshe, tana kuma zubar da kubensa kowace shekara, gudunta yana haura kilomita 80 a awa, babu dabbar tudu da ke kamo ta a nahiyar. Ciyawa kaɗan take ci. Abincinta ƙananan tsirrai ne masu faɗin ganye idan bazara ta yi, da hunturu kuma sai ta dogara kusan gaba ɗaya ga wani gajeren itace mai ɗaci, dangin tazargade. Tana da wani hali da ya zame mata masifa: duk gudun nan nata, ba ta saba tsallake shinge ba, ta ƙarƙashi take kutsawa, domin filin da aka halicce ta a ciki ba shi da abin tsallakewa. A jihar Wayomin akwai wani tudu da ake kira Red Rim, inda iska ke share dusar ƙanƙara daga kan itatuwan nan, don haka garkunan yankin can suke fakewa idan sanyi ya yi tsanani. Wani mai kiwon shanu ya kewaye wurin da shingen waya mai tsawon kilomita 45, saƙaƙƙe har ƙasa. Hunturun 1983 ya zo da tsanani, dabbobin suka biyo hanyar da suka gada, suka tarar da waya, suka taru a jikinta, ɗaruruwa suka mutu da yunwa abincinsu yana tsallake suna kallo. Mutumin bai harbi ko ɗaya ba, turakun shingen kuma a kan filinsa ya kafa su, sai dai shingen ya kewaye har da filayen gwamnati. Aka je kotu, aka yi amfani da wata tsohuwar doka ta 1885 da ta hana kange filayen gwamnati, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 1988 cewa sai ya cire shingen ko ya gyara shi yadda dabba za ta wuce.

Dokar Amurka ba hujja ba ce a kanmu. Na kawo labarin ne domin yana tsaya daidai kan wani hadisi da kowane ɗalibi ya sani, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, na matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa. Ba ta doke ta ba, ba ta yanka ta ba. Tsare ta ta yi, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta je ta nemi ƙwarin ƙasa da kanta ba, har ta mutu. Illar hukuncin a bayyane take: shiga tsakanin mai rai da abincinsa. An kulle kyanwar a ciki abincinta yana waje, an kulle barewar Amurka a waje abincinta yana ciki, kuma ban ga wane gefen ƙofa dabba take ya isa ya sauya hukunci ba. Mai ilimin fiƙihu zai ce kyanwar tana hannun matar, kuma riƙo shi ne ke haifar da wajibcin ciyarwa, naman daji kuwa ba ya hannun kowa. Haka ne, babu wanda ya ce ciyar da barewa wajibi ne a kan manomin Rabah. Amma hadisin mafita biyu ya ba matar, ciyarwa ko saki, ta biyun kuma ba ta buƙatar mallaka, abin da take buƙata kawai shi ne a sami ƙasa mai abinci wadda za a saki dabba a cikinta. Hadisin ya ɗauka cewa wannan ƙasar tana nan. Idan jama'a suka haɗu, kowa da tasa gonar, har ya zama babu sauran inda za a saki komai, to sun toshe mafita ta biyu ga dukan dabbobin yankin a lokaci guda, ta farkon kuwa dama ba su ɗauka ba.

Suka ta biyu ta fi ta farko nauyi. Za a ce Alƙur'ani ya bayyana a Suratul Baƙara cewa abin da ke ƙasa duka don ɗan Adam aka halitta shi, shari'a kuma ta kwaɗaitar da raya matacciyar ƙasa har ta ba wanda ya raya ta mallakarta. Wurno kanta shaida ce. Muhammadu Bello ne ya mai da ita ribaɗi, ya zaunar da jama'a, ya ƙarfafa noma da sana'a, a can kuma aka binne shi a 1837. Shin za a ce ya yi laifi da ya sare daji? Ba za a ce ba. Sai dai littafin da ya halatta raya ƙasa shi ne kuma ya sa mata iyaka. A Muhtasar na Halilu, wanda alƙalan daular Usmaniyya suka yi hukunci da shi, kowane gari yana da hurumi, wato wurin itace da wurin kiwo da mutanen garin ke iya zuwa su dawo a wuni guda, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya mallake shi da sunan rayawa ba. Ƙasar da ke kusa da gari ma ba a raya ta sai da izinin shugaba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibi ke karantawa tun kafin ya kai Muhtasar, farauta don wasa makaruhi ce, ta buƙata ita ce halal. A Muwaɗɗa kuma Abu Huraira ya faɗi cewa da zai ga bareyi suna kiwo a cikin Madina ba zai firgita su ba, saboda haramin da aka sa wa garin. An hore wa mutum ƙasa, amma a fahimtar waɗannan malamai horewar ba ta taɓa nufin a cinye ta ƙarƙaf ba. Kullum akwai wani yanki da ake cire wa hannun mutum ɗaya.

A nan dole a yi adalci ga mai suka, domin yana da sauran magana. Hurumin da malamai suka tsara don dawakin yaƙi da raƙuman zakka da dabbobin talakawa aka yi shi, haramin Makka da Madina kuma hukunci ne na wuraren biyu kaɗai. Fiƙihu ya yi magana mai yawa a kan haƙƙin dabba guda, yadda za a yanka ta, nauyin da za a ɗora mata, har Izzuddini ɗan Abdussalam, wanda ya rasu a 1262, ya jera waɗannan haƙƙoƙi a littafinsa na ƙa'idoji. Bai buɗe babi a kan ƙarewar jinsi ɗungurungum ba. Dalilin a ganina mai sauƙi ne: a zamaninsu daji ya fi ƙarfin mutum, ba wanda ya zaci za a wayi gari garma ta kai ƙarshensa. Rashin babi ba ya nufin rashin asali. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irin namu. Hadisin annabin da tururuwa ta ciza ya sa aka ƙone gidansu duka ya nuna an zarge shi ne da halaka al'umma guda mai tasbihi. A wata ruwaya ta Abu Dawuda da Tirmizi, abin da ya hana a ba da umurnin kashe karnuka baki ɗaya shi ne kasancewarsu al'umma daga cikin al'ummomi. Suratu Hudu ɗin nan da ta ɗauki alkawarin arziki, ita ce ta kawo umurnin da aka ba Annabi Nuhu na ɗaukar namiji da mace daga kowane iri, ita ce kuma ta kawo raƙumar Annabi Salihu, wadda aka ce wa Samudawa su bar ta ta ci a ƙasar Allah, wasu surori suka ƙara da cewa an raba ruwan rijiya tsakaninsu da ita, kowa da ranarsa. Raƙumar mu'ujiza ce, na sani, ba a gina hukuncin kowace dabba a kanta. Duk da haka abin lura ne cewa jarrabawar da aka zaɓa wa mutanen da suka sassaƙa duwatsu suka mallake kwari ita ce su bar wa dabba wurin ci da rabon ruwa. Abin da ya fito daga waɗannan nassoshi shi ne wanzuwar iri abin nufi ne a shari'a. Tun da kuwa ba mutum ɗaya ke kawar da iri ba, ba kuma mutum ɗaya ke iya tsare shi ba, nauyin ya faɗa cikin farillan da ke kan jama'a, waɗanda idan wasu suka yi an ɗauke wa kowa, idan aka rasa mai yi kowa ya ɗauki rabonsa gwargwadon ikonsa. Talakan da ya ƙara kadada ɗaya don 'ya'yansa rabonsa kaɗan ne ƙwarai. Mai raba filaye nasa ya fi.

Sukar da ta fi kowace ciwo ba daga littafi take ba. Mutumin Goronyo zai ce: ana kashe mu, kai kana zancen barewa? A watan Yulin 2018 'yan bindiga sun afka wa Tabanni da ƙauyukan Gandi a ƙaramar hukumar Rabah. A watan Oktoban 2021 sun buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka mutu. Abin da ya rage na dajin Gundumi, wanda sunansa ke cikin gandun dajin gwamnati, ya zama mafakarsu, har akwai masu ganin maganin abin shi ne a sare shi a huta. Jinin mutum ɗaya ya fi dukan bareyin duniya, a kan wannan babu jayayya, kuma wanda ya fifita dabba a kan maƙwabcinsa ya jahilci addini. Amma a dubi abin da ya faru da kyau. Dajin da ya zama mafakar ɓarayi daji ne da hukuma ta janye daga cikinsa, babu ma'aikacin gandu, babu mai sintiri, babu wanda ya san iyakarsa. Hurumin Umar yana da mai tsaro, sunansa Hunayyu. Ban da haka, abubuwa ukun da barewa ta rasa, makiyayar damina da ta rani da hanyar da ke tsakani, su ne dai saniyar Bafillace ta rasa bayanta, wato makiyaya da mashaya da burtali. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar kare namun daji a 1963, ta yi ta makiyaya a 1965, aka keɓe wurare da dama a takarda, kaɗan ne aka tabbatar da su a doka, da yawa kuma gonaki suka cinye. Ta'addancin yau yana da sabubba da yawa, akwai makamai, akwai zalunci, akwai son kuɗin fansa, ba zan rataya shi duka a wuyan burtali ba. Sai dai duk mai bin tarihin rikicin Zamfara da gabashin Sakkwato ya san rigimar gona da kiwo tana cikin tushensa. Barewa ce ta fara rasa hanya, ba ta da bakin magana, ba wanda ya kula. Da abin ya iso kan saniya, mai ita yana da baki, wasu kuma suka sami bindiga.

Ga masu tsoron cewa keɓe ƙasa hanya ce ta ƙwace wa talaka, tsoron yana da dalili, domin an sha ganin gandun daji ya fita daga hannun gwamnati ya faɗa hannun masu kuɗi. Wasiyyar Umar ga Hunayyu, wadda ke ƙarshen Muwaɗɗa, ta riga ta amsa. Ya umurce shi ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garkunan Ibn Aufu da Ibn Affan, domin su idan dabbobinsu suka halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa gaban shugaba zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Manyan sahabbai biyu ke nan, cikin waɗanda aka yi wa bushara da Aljanna, aka ambace su da suna aka ce a tare dukiyarsu.

Akwai kuma masu cewa aikin gama ya gama, jinsuna dama suna ƙarewa tun kafin mutum, ihu bayan hari ne. Gaskiya ne wasu sun ƙare ba da hannun kowa ba. Amma abin da hannu ya kawar, sau da yawa hannu yana iya maidowa, kuma an gani. Barewar Amurka, wadda aka ƙiyasta ta haura miliyan 30 kafin Turawa su mamaye yammacin nahiyar, ta sauko zuwa kimanin dubu 30 ko ƙasa da haka a shekarun 1920, yau kuma ta haura rabin miliyan. Cikin abin da aka yi mata har da ƙaramin gyara: a ɗaga wayar ƙasa ta shinge kamar santimita 40 zuwa 45, a sa ta marar ƙaya, saniya ba ta fita, ita kuma ta kutsa. A 2008 aka amince da hanyar ƙaurarta daga gandun Grand Teton a hukumance, a 2012 aka gina mata gadoji a kan babbar hanyar mota. Ba sai an je nesa ba ma. Raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996, yanzu sun haura 600, kuma cikin gonakin Zabarmawa suke yawo. Zaman ba kyauta ba ne, suna cin wake da mangwaro, manoma suna ƙorafi, an dai taɓa samun hanyar da ƙauyukan suka amfana da baƙi masu zuwa kallo. A 2018 aka ɗebi takwas aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi. Mariri, wanda aka bayyana a 2000 cewa ya ƙare a daji, an sake shi a Chadi a 2016, ya hayayyafa har aka sassauta matsayinsa a 2023. Manoman Maraɗi da Damagaram kuwa, tun daga shekarun 1980, sun riƙa barin tohon kututture ya girma a gonakinsu maimakon sassabe shi, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a kadada miliyan 5, gawo a kan gaba. Hausawa ne, Malikawa ne, ruwan samansu bai fi na Goronyo ba, talaucinsu kuma bai gaza ba.

Ba na tsammanin barewa za ta dawo fadamar Achida, kuma hujjar da na kawo ba ta buƙatar ta dawo. Albasa da shinkafa sun zauna, bakunan da suke ciyarwa su ma Allah ne ya tsaga su. Inda hukuncin ke aiki yau shi ne kan abin da bai riga ya tafi ba: zomo da gada da bushiya, fakara da zabin daji, tsuntsayen ruwa da ke sauka a tafkin Goronyo da sanyi, da ragowar jigawar da ke tsakanin Rabah da Gundumi, wadda wata rana tsaro zai dawo a fara rabonta. Ranar rabon ce za a san ko an fahimci mas'alar. Hakimai da shugabannin ƙananan hukumomi da ma'aikatar filaye za su sami masu neman ɗaruruwan kadada a dunƙule, masu kuɗin sayen waya da bulo, kuma irin wannan shingen ne, ba na ƙayar talaka ba, ke rufe hanya ruf. Malamin da ake tambaya hukuncin gado da iyakar gona yana da abin faɗa a nan daga Muhtasar ɗin da ke gabansa: a fitar da hurumin gari da burtali da mashaya kafin a ba kowa, a bar itatuwan ƙaya a kan iyakoki, a sa mai tsaro da albashi, idan kuma dole wani ya haƙura da wani yanki, a fara da mai babban garke da mai babbar gona kamar yadda Umar ya fara da Ibn Aufu da Ibn Affan.